Kakan Bandar a Satiru

Bandar ya ce kakan babansa ne ya kashe Baturen soja a yaƙin Satiru ta ƙasar Sakkwato, da fartanya, sara ɗaya. Ya faɗa a ofis, ya faɗa a waya, har hoton fartanya ya manna a gilashin motarsa. Shi dai bai taɓa riƙe fartanya ba, Sakkwato kuma a taswira ya san ta.

Wanda ake magana a kansa Badamasi ne, mahaifin kakana Tsoho. Wan Tsoho ya samu takardar zama ɗan ƙasa a nan Makka tun da can, ta nan jikansa Bandar ya fito da farar riga da turare. Tsoho bai samu komai ba, ta nan na fito ni Mujahida, ba iƙama, wato takardar izinin zama, ba makaranta, karatuna a wayar maƙwabta na tsince shi. Ni da Tsoho muke zaune a unguwar Nakkasa, ɗaki ɗaya a gefen dutse.

Sai aka zo aka shafa wa bangonmu jan fenti, alamar rusau. Katafila ta riga ta cinye layin da ke ƙasa da mu. Da safe mukan ji ta tana taunar gidajen mutane, ƙura na sauka a shayinmu. Tsoho ya haura tamanin, ko bayi sai na riƙe shi.

A makon ne Bandar ya tuna yana da dangi. Ya hawo dutsen yana tattare riga, ya tsaya daga bakin ƙofa, ya kira Tsoho kaka da Larabci.

"Jaddi, akwai ɗaki a gidana a unguwar Ka'akiyya, kai da yarinyar. Bas, abu ɗaya. Ran Juma'a abokaina za su zo. Ka ba su labarin Satiru da bakinka, sun ce ƙirƙira nake yi."

"Wane labari?" in ji Tsoho.

"Na fartanya mana, ya jaddi."

Tsoho ya dubi jan fentin, ya ce to.

Bayan ya tafi na ce, "Kaka, ko me ya ce ka ce e. Ba mu da inda za mu." Ya ce ya ji. Na maimaita masa labarin Bandar kamar hadda, yana gyaɗa kai, bai bi ni ba ko sau ɗaya.

Ran Juma'a bayan la'asar aka zaunar da shi a tsakiyar falon Bandar, aka yafa masa alkyabbar aro. Ni ina bayan labule da butar gahawa, aikin da aka ga ya dace da ilimina.

Bandar ya fara, Larabci da gutsuren Hausa. Ya ce talakawa ne suka tashi da gatura da fartanyu suka karya sojan Ingila. Ya ce Turawa suka dawo da manyan bindigogi suka shafe garin, wallah ba su bar namiji ko ɗaya yana numfashi ba. A nan ya dakata, ya goge ido da gefen rawani. Na ga ya yi gwajin wannan a madubi.

Wani abokinsa, Majid, mai cin dabino tun da ya shigo, ya ce, "Tayyib, in ba a bar namiji ba, shi kakan naku ta ina ya fita?"

"Jaddi, gaya masa," in ji Bandar.

Na matse hannun butar. Tsoho ya dubi kafet, ya fara.

"Baba ya ce sun iso da hantsi," in ji shi. "An ka jera su, an ka ce kowa shi durƙusa. Mutanen garin sun ka taho da gudu suna kabbara, wani ko riga babu. Ya ce ba su kai kusa ba. Ya ce akwai wani dattijo da ya faɗi ya tashi, ya faɗi ya tashi, gatarin na hannunai. Daga baya an ka sa wa garin wuta. Mata na fitowa daga rumbu da ɗiya. Tun ran nan Baba bai ƙara cin gasasshen nama ba. Ko da layya, fita shikai daga gida. Da ƙafa ya taho Makka, kuma har ya mutu in an ka buga ƙofa da ƙarfi sai shi miƙe tsaye."

Bandar ya yi dariyar da ba ta fito ba.

"Tsufa ne, ya haɗa labari biyu. Jaddi, fartanya. Faɗa musu na fartanya."

Tsoho ya zame alkyabbar daga kafaɗarsa, ya ninke ta a hankali, ya ajiye a gefe. Ya ɗaga murya ya ce in zo in tashe shi, mu koma kafin magariba. Sannan ya dubi Majid.

"Kai ka yi tambaya, ɗana. A layi ya fita, da jar hula da bindiga. Sojan Ingila ne. Shina cikin masu halbi."