Wuƙa Arba'in Masu Alamar Kashim

Kashim maƙeri ne, ɗan maƙeri. A Bosso ya koyi sana'a a hannun mahaifinsa, daga can kuma ya gudo Diffa da matarsa Falmata, shekarar da 'yan bindiga suka afka wa garin. Abin da ya iya ɗaukowa masaba ce, da awartaki, da ɗan hatimin ƙarfe da yake buga alama da shi.

Ya kafa rumfa bayan kasuwa, daura da masu buhunan tattasai. Wuƙar gyaran kifi ce ta yi masa suna: gajera, mai faɗin ciki, bakinta a ɗan lanƙwashe yadda za ta shiga ƙarƙashin kan tarwaɗa ta fito da hanji a ja ɗaya. Da ƙarfen sifirin mota yake ƙera ta, ya sa mata mariƙin icen aduwa. Kusa da mariƙin yake buga alamar gidansu, ɗigo uku da jinjirin wata. Mata masu bandar kifi sun san ta tun daga bakin tafki har sansanin 'yan gudun hijira na Sayam. Jaka uku ce, wato sefa dubu uku, ba ragi.

Wata Talata, ranar kasuwa, Ya Ummi mai banda ta zo ko sallama ba ta gama ba ta jefa masa wuƙa karyayya a gabansa.

"Malam Kashim, tsufa ne ya kama ka ko son kuɗi? Kifi shida na yanka ta rabu biyu."

Ya ɗauka. Tun kafin ya duba, hannunsa ya gaya masa ba tasa ba ce. Ba nauyi, sai ƙyalli kamar murfin gwangwani, mariƙin kuwa roba ce aka yi wa fenti kalar ice. Amma lanƙwasar bakin tasa ce, faɗin cikin nasa ne, ga kuma ɗigo uku da jinjirin wata.

"A ina kika saya?"

"A tebur, bakin tasha. Dala ɗari, sefa ɗari biyar kacal. An ce kai ne ka fara yin ta talakawa."

Da la'asar ya taka ya gani da idonsa. Tebur uku ya iske, kowanne da tulin wuƙaƙen a cikin leda. Duk wanda ya tambaya amsar ɗaya ce: daga Kano ake kawowa, wa yake kawowa kuma, Allah masani.

Zuciyarsa ta tafi kan Zaidu mai kayan koli, wanda shagonsa ke kallon rumfarsa. Bara Zaidu ya sayi wuƙa biyu a wurinsa, alhali ba ya sayar da kifi, a gidansa ma ba a cin tarwaɗa. Me zai yi da wuƙar kifi har biyu? Kashim ya shiga lura da shi. In mota ta sauke wa Zaidu kwali, sai Kashim ya daina juya ƙafar keken da yake hura wuta da ita, ya zuba ido har a buɗe. Kofuna ne, ko tocila, ko takalman roba. Duk da haka gaisuwarsu ta ragu, ta koma ɗaga hannu daga nesa. Ciniki ma ya ja baya. Wanda a da yakan sayar da biyar ran kasuwa, yanzu in ya sayar da ɗaya sai ya yi hamdala, ita ma sai an sha ja-in-ja: ga irinta can dala ɗari, me ya sa tasa jaka uku?

Ana haka, wata safiya jandarma biyu suka tsaya bakin rumfar. Suka tambayi sunansa, suka karɓi katin shaidarsa, suka ce ya rufe wuta ya biyo su. Ba su taɓa shi ba. Amma masu tattasai duka sun daina awo suna kallo, kuma a Diffa ta yanzu, wanda aka gani tsakanin jandarma biyu ba a jiran a ji dalili.

Wanda ya karɓe shi ajidan ne, wani babba cikin jandarma, sunansa Soumana, mutumin yamma, Hausarsa da ƙamshin Zabarmanci. Ya nuna masa benci, sannan ya zazzage wani buhu a kan tebur. Wuƙaƙe suka zubo da ƙara.

"Arba'in ne," in ji ajidan. "Shekaranjiya aka kama su a mashigin kogin Komadugu, ƙarƙashin buhunan gero, za a ƙetare da su. Mai kwalekwalen ya faɗa ruwa ya tsere. Mun tambaya a kasuwa, kowa ya ce alamarka ce. Wa ya ba ka aikin?"

Kashim ya dubi wuƙaƙen. Ya san abin da ake nufi da kayan da ake ƙetarewa da su a ɓoye, ya san kuma inda ake kai wanda aka samu da hannu a ciki.

"Ranka ya daɗe, alamata ce, amma ba aikina ba ne."

"Kowa haka yake faɗi."

"A ba ni izini in nuna."

Ajidan ya dube shi jim, sannan ya sa aka miƙo masa wuƙar Kashim ta gaske, wadda jandarman suka ɗauko daga rumfa. Kashim ya kafa ɗaya daga cikin na buhun a gefen benci, kaifinta sama, ya sara mata tasa. Ta shige kamar an sari kara. Ya juya tasa ya nuna, ko gibi babu.

"Wannan ba ta taɓa ganin wuta ba. Inji ne ya yanko ta daga fallen ƙarfe. Ni wuƙa biyu nake gamawa a wuni, arba'in aikin kwana ashirin ne, kuma ba za ka samu biyu iri ɗaya sak ba. Duba waɗannan, kamar an tsaga kara."

Ya jera biyar don ajidan ya gani. A nan ne idonsa ya faɗa kan abin da bai lura da shi ba a wuƙar Ya Ummi. A kowace ɗaya, ƙahon jinjirin watan na hagu guntule yake. Shekara biyu da suka wuce hatiminsa ya taɓa ɓantarewa a daidai nan, kuma wuƙa uku kacal ya buga kafin ya gyara shi. Ɗaya limamin unguwarsu ya saya, har gobe tana rataye a zaurensa. Ɗaya wata tsohuwa ta tafi da ita Sayam. Ta ukun kyauta ya ba Abdullatif, ƙanin matarsa, ranar sunan ɗansa. Abdullatif ɗin nan da ke kai tattasai Kano duk wata ya komo da kaya.

"Me ka gani?" in ji ajidan. Ashe yana kallon fuskarsa.

"Ba komai. Ina mamakin yadda suka kwaikwayi har alamar."

"Wani ya kai musu taka suka duba. Wa kake zargi?"

Sunan yana kan harshensa. In ya faɗa, yau zai kwana da hankali kwance. Amma a wannan ofishin ba satar fasali ake tuhuma ba. In ya ce Abdullatif, ya ce Abdullatif na kai wa 'yan bindigar da ke daji makami ke nan, shi kuwa bai san haka ba.

"Na sayar wa ɗaruruwan mutane, ranka ya daɗe. Ba zan ɗora wa wani abin da ban gani ba."

Ajidan ya yi rubutu mai tsawo. Ya mayar masa da katinsa, ya riƙe wuƙar, ya ce kowace Litinin ya zo ya sa hannu har a gama bincike, kada kuma ya bar gari ba da izini ba.

Bai koma rumfa ba. Kasuwar tattasai ya nufa, ya iske Abdullatif yana sa ana ɗinke bakin buhuna. Ya ja shi bayan wata babbar mota.

"Ina wuƙar da na ba ka ranar suna?"

Abdullatif ya yi dariya. "Yaya, daga gaisuwa sai wuƙa? Tana gida."

"Mu je in gani."

Dariyar ta ɗauke. Ya dubi ƙasa, ya dubi masu dako, sannan ya rage murya. Ya ce wani Alhaji ne a Kano ya gan ta a hannunsa ya yaba, ya karɓa ya aika ƙasar waje, bayan wata huɗu sai ga kwantena. Shi dai an ba shi rabon Diffa da Chétimari, yana ba masu tebur.

"Kuma Yaya, tsakani da Allah, wa na cuta? Matar da ke Sayam, wadda ke jiran a raba mata gero, ina za ta samu jaka uku? Ko da haƙori za ta yanka kifi? Kai ma lanƙwasar nan ba daga sama ta sauko maka ba, a hannun Baba ka gani."

"Ku ɗauki lanƙwasar, ban hana ba. Alamar fa? Matar da ta ba da dala ɗarinta sunan ubana ta saya, ta tafi gida da gwangwani. In ta karye ni ake zagi. Yau kuma daga wurin jandarma nake."

Ya gaya masa maganar buhun. Fuskar Abdullatif ta sake launi.

"Ka faɗi sunana?"

"Abin da ka fara tambaya ke nan? Wa ka sayar wa arba'in a tashi ɗaya?"

"Wallahi ban sani ba. Masu tebur ke sayarwa. Wanda ya zo da kuɗinsa ba a tambayarsa ƙauyensu."

Ya rantse har sau uku. Kashim ya tsaya yana kallonsa. Ya san shi tun yana rarrafe, amma yau ya kasa gane ko tsoron laifi ne a idonsa ko tsoron sharri kawai.

A gida ya tarar da Falmata a tsakar gida tana yanka albasa. Labari ya riga shi isowa, idonta ya yi ja. Ta tashi tana sannu, tana Allah ya tsare gaba. Shi kuwa hannunta yake kallo. Wuƙar da ta riƙe mai mariƙin roba ce.

"Wannan fa?"

Ta dube ta kamar yanzu ta fara ganinta. "Abdullatif ya kawo mini, wata biyu ke nan. Ya ce tsaraba ce."

"Wata biyu. Kina ji ina zargin Zaidu kullum, ba ki ce komai ba."

"Ka taɓa shiga madafa ka tambaye ni? Na ɗauka a kasuwa ya saya, kamar kowa."

Mai yiwuwa gaskiya ta faɗa. Bai sake tayar da maganar ba, ita ma ba ta tambaye shi abin da ya gaya wa jandarma ba, amma ya lura kwana biyu tana fita da waya bayan ɗaki in za ta amsa.

Kafin mako ya zagayo Abdullatif ya tafi Kano da lodin tattasai bai komo ba, ya aiko a gaya wa iyalinsa harka ce ta riƙe shi. Wuƙaƙen ba su yanke ba, wani ne ya karɓi rabon. Kashim ya je shagon Zaidu ya ba shi hannu, ya nemi gafara bai faɗi dalili ba. Zaidu ya amsa da fara'a, amma da Kashim ya zauna a bencinsa sai Zaidu ya tuna yana da saƙo a tasha.

Litinin bakwai ya yi yana zuwa sa hannu. A ta takwas ajidan ya ce ya isa haka, ya miƙo masa wuƙarsa naɗe a takarda. Har Kashim ya kai ƙofa sai ajidan ya kira shi.

"Maƙeri, ka san mutumin, ko ba haka ba?"

Kashim ya ce rana ta yi, gawayinsa na ci a banza. Ajidan ya daɗe yana dubansa, sannan ya ɗaga masa hannu ya tafi.