Makokin Sha'aibu Bayan Shekara Tamanin

"Ƙara matso min da shi," in ji Baba Mode.

Malam Mu'azu ya durƙusa gefen tabarma, ya buɗa hoton da yatsu biyu, ya kai wayar dab da hancin tsohon. Shekara shida ke nan da aka kawo shi koyarwa Bodinga ya kama haya jikin gidan Baba Mode.

Da safe ne rediyo ta ce masu nutso sun gano wani tsohon jirgin ruwan yaƙi a ƙasan teku, wanda aka nutsar zamanin yaƙin duniya na biyu da sojoji a ciki. Da aka ambaci sunan jirgin, Baba Mode, da ya yi wata biyu bai taka ƙofar gida ba saboda kumburin ƙafa, ya ja jiki ya buga katangar maƙwabcinsa da sanda. Sunan jirgin nan yana bakin tsohon tun yana yaro. Mahaifinsa Sha'aibu ya bar Dandin Mahe zuwa soja, matarsa Inno tana da cikin Mode wata biyar. Wani ɗan garin Shagari da ya dawo daga yaƙin ya ce ya ga Sha'aibu ya hau jirgin a Ikko, daga baya ya ji an nutsar da shi. Inno ta ce ji ba gani ba ne. Ta ƙi takaba, ta hana a zauna makoki, ta kori duk wanda ya zo mata gaisuwa, har ta koma ga Allah tana jiran sallamarsa.

Mu'azu ya nemo labarin a waya, ya riƙa nuna masa hotunan abin da aka tsamo: cokula da tsatsa ta manne su, maɓallan riga, tafin takalmi, kwanon ci da ya lotse. Can sai ga 'ya'yan carbi guda goma sha ɗaya, na dutse, an jera su a kan farin ƙyalle.

"Akwai sunanai?"

Nan ƙarya ta zo wa Mu'azu har bakin harshe, don tausayi ya cika shi. Amma ya haɗiye ta, ya ce babu suna ko ɗaya, kuma carbin zai iya zama na kowa. Abin da kawai aka tabbatar, babu wanda ya fita da rai.

"Ya isa," in ji tsohon. "Ni dai tun da anka haihe ni ba wanda yat taɓa ce min ya haƙurin ubana. Ina son in ji kahin in tahi."

'Yarsa Zuwaira ta ce wannan jawo magana ne, kuma jikin nan ba zai ɗauki zaman kwana uku ba. Liman ya shafa gemu ya ce sallar gawa dai ba za a yi ba tunda babu gawa, amma bai san abin da ya hana gaisuwa da addu'a ba. Washegari Mu'azu da kansa ya share ƙofar gida, ya janye buhunan albasa gefe, ya shimfiɗa tabarmi. Shi da liman suka tallafo tsohon suka jingina shi da bango.

Kuskuren na Mu'azu ne, malami guda da alli da komai. Saƙon da ya aika Dandin Mahe cewa ya yi ana zaman makoki a gidan Baba Mode, bai ƙara ko kalma ba. To wa ke da sauran uban da zai rasa yana da shekara tamanin da 'yan kai? Kafin azahar sai ga bas cike da dangi, mata na sharar hawaye da bakin mayafi. Husaini, ɗan ƙanen Inno, ya sauko yana salati, ya ɗaga ido ya ga mamacin zaune yana miƙo masa hannu. Saura kaɗan ya koma cikin motar.

"Ba ni na ba tukuna," in ji Baba Mode. "Zamna ka yi min gaisuwa."

Aka yi dariya har da masu hawaye. Da Husaini ya fahimta sai ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya ce, "Ya haƙurin Baba Sha'aibu? Allah shi jiƙan shi."

Tsohon ya yi kuka irin na ƙaramin yaro, ba wanda ya hana shi, Mu'azu ma ya juya fuska yana goge ƙwalla.

Kwana uku ana zuwa. 'Yan kasuwar albasa suka zo, masu Keke suka tsaya, har mutanen Dingyadi da labari ya kai musu. Kullum Zuwaira sai ta roƙe shi ya shiga ya kwanta, kullum sai ya ce mai makoki ba ya barin baƙinsa. Abinci kuwa sai kurɓin kunu. Ran na uku aka raba sadakar masa da gumba, liman ya yi addu'a, aka shafa. Baba Mode ya riƙe hannun Mu'azu ya ce yanzu kam a kai shi ciki, ya gaji. Bai kai la'asar ba.

Kafin magariba aka kai shi makwancinsa. Da aka gama tara ƙasa, aka miƙa wa Mu'azu buta ya yayyafa ruwa a kan kabarin daga kai zuwa ƙafa. Jama'a suka fara juyawa. Ya jijjiga butar ya ji da saura, sai ya matsa taki ɗaya, ya tsiyaye wa Sha'aibu ragowar a hankali kan busasshiyar ƙasar da ke gefen dama, inda ba a haƙa komai ba.