Don Eusebio a Gaban Bango

Shekara uku ke nan da idon Don Eusebio ya mutu, amma duk Madrid ba wanda ya sani sai matarsa Amparo. Aikinsa zagayawa da baƙi a babban gidan zane-zane na ƙasa yana yi musu bayani, kuma ya rantse gara a binne shi da a ce masa makaho a karɓe katin aikinsa. Sai ya sa baƙin tabarau, Amparo ta zama sandarsa. In ta matsa hannunsa sau ɗaya ya tsaya, sau biyu ya wuce. Zane-zanen kuwa duk ya haddace su.

Ladanta? A gaban baƙi yakan ce, "Ga matata, ku yi haƙuri da ita. Shekara arba'in tana shigowa nan, har yau ba ta bambance zane da kalandar mahauci." Su kwashe da dariya, ita ta yi yaƙe. Ta tsane shi, irin tsanar da ba ta gaggawa.

Ran Talata Doña Nieves, mai kamfanin da yake wa aiki, ta biyo ayarin baƙinsa don ta fara jin ƙishin-ƙishin cewa idonsa ba lafiya. Suna shiga ɗaki na tara Amparo ta hango an sauke zanen wata mata mai ɓare lemo, sai 'yar takarda a manne a gurbinsa. Ta matsa hannunsa sau ɗaya.

Dattijo ya gyara murya, ya nuna bango tas. "Ku dubi hasken da ya zuba a wuyan hannunta! Wanda bai ga wannan ba, a banza yake da ido."

Mai gadin ɗakin ya matso. "Don Eusebio, ai..."

"Bar shi ya gama, ɗana," in ji Amparo. "Ba ya son a katse shi."

Ya yi minti goma cur yana zuba, baƙi ashirin suna kallon juna. Da ya dasa aya, Doña Nieves ta ce, "An ba da aron zanen nan tun makon jiya. Ba ni katin."

Ya laluba gefensa, ba kowa.

"Amparo," ya ce a hankali, "don Allah fitar da ni."

Tana zaune a benci, ta cire takalmi ɗaya tana murza ƙafa. "Na gaji, maigida. Ƙofa tana nan inda ka bar ta."

Ya miƙa hannu biyu gaba, ya fara takawa, ya nufi bango.