Minti Ukun Goggo Rekiya

Shekara tara ke nan rabon da wani a danginsu ya kira Babayo da sunansa. Tartsatsi suke ce masa, manya da yara, har waɗanda aka haifa bayan abin ya faru. Abin da ya faru kuwa shi ne, yana gama koyon wayarin, wato jan wayoyin lantarki, a Sabon Gari, ƙanwar mahaifinsa Goggo Rekiya ta ba shi aikin sabon gidanta a Kurna. Ya yi aiki tsakaninsa da Allah. Sati biyu da tarewarta, ana tsakiyar azumi, aka kawo wuta da rana, wata irin wuta mai kan tsiya. Firiji ya yi gurnani ya mutu, talabijin ta yi hayaƙi, fanka ta yi gudun da ba ta taɓa yi ba sannan ta tsaya cak, allon wutar ma ya narke ya dunƙule. Daga ranar ko ƙwan fitila ba a sake ba shi ya canza ba. In ya shiga gidan suna sai ka ji wata daga ɗaki ta ce, "Ku zare cajarku, ga Tartsatsi nan."

Dariya ce a wurinsu, shi kuwa abin yana cinsa. Ya san ya saka fis a gidan nan, kuma aikin fis ke nan, ya tsinke kafin kaya su ƙone. Me ya hana shi tsinkewa? Da wannan tambaya ya bar Kano, da ita ya sauka Guangzhou ta ƙasar China, inda yake ɗaure kwali a benen Tianxiu a shagon Saddique, wani ɗan zangon Kumasi mai tura wa mutane kaya gida. Yakan yi wa masu shaguna wayarin jefi-jefi, kuma ko ashana ba ta taɓa kamawa ba. To amma wa zai kai wannan labari Kurna?

Ana nan sai ga Goggo Rekiya ta zo saro leshi. Ita ba mace ba ce mai shawara da kowa. Ta je unguwar Baiyun duba kaya, ta hango wata mota a garejin wani Basine mai suna Chen, doguwa fara, cikinta da gado da firiji da na'urar sanyaya ɗaki da wurin girki har da ɗan makewayi. Nan take ta ce ta gama kwana a masauki in ta je baje koli Kaduna ko Abuja. Kafin la'asar mota ta zama tata, Saddique kuma ya samo mata gurbi a jirgin ruwan da zai tashi daga Nansha ranar Alhamis.

Babayo ya shiga motar ya duba wayoyinta, ya fito yana sosa ƙeya.

"Goggo, motar nan lafiya lau take, amma wutar China ta sani. Ranar da kika jona ta a gida aka kawo irin waccan wutar, komai na ciki zai tafi. Akwai wani ɗan akwati da ake sakawa a bakin hanyar wutar, in ta zo da hauka sai ya yanke ta. Ki bari in saka miki."

Goggo ta dube shi tun daga silifa har hula.

"Kai? Ikon Allah! Kura ce za ta yi gadin akuya?"

Saddique ya sa baki, ya rantse cewa duk wayarin hawa na uku a Tianxiu hannun Babayo ne. Goggo ta kaɗa mayafi saboda zafin garin mai ɗanko, sannan ta yanke hukunci.

"To, a saka. In ma ƙonewa za ta yi, gara ta ƙone a nan inda motar kashe gobara take zuwa da ruwa a cikinta. Amma ina zaune za ka yi. Kai kuma Saddique, riƙe wayata ka ɗauki bidiyo tun daga farko. Zan tura wa 'yan'uwa a guruf ɗinmu na waya, kada gobe a ce Rekiya ta yi wa ɗan yayanta sharri."

Babayo ya san halin 'yan gidansu. Guruf ɗin nan mutum tamanin da wani abu ne, kuma babu mai aikin da ya wuce jiran abin dariya. In aka samu ko da ƙyas ɗaya a hoton nan, har jikokinsa sun gaji sunan.

Washegari da hantsi ya zo da akwatin, ɗan ƙarami fari mai gilashi a gaba inda lamba take nunawa. Shi maigadi yake ce masa. Ya zare wayar da ke kawo wa motar wuta daga bangon garejin, ya gwada ya tabbatar babu komai a ciki, ya sake gwadawa, ya yi bisimilla, ya gwada na uku. Ya buɗe ƙofar da ke ƙarƙashin gado inda allon wutar yake, ya kwanta ruf da ciki rabinsa a waje. Ya yanke babbar wayar tsakanin soket ɗin waje da allon, ya feƙe bakinta, ya shigar da mai kawowa ta saman akwatin, mai fita ta ƙasa, ya ɗaure wayar ƙasa a jikin ƙarfen motar ya matse da sukundireba har hannunsa ya yi ja. Goggo tana zaune a kan gadon, watau a bisa kansa, tana yi wa 'yan guruf bayani.

"To jama'a, ga shi nan ya shige. Har yanzu dai ba mu ji ƙauri ba. Ku ci gaba da addu'a."

Chen, mai garejin, yana tsaye a ƙofa da kwalbar shayinsa. Ya kasa gane dalilin wahalar. Ya nuna soket ɗin bango ya ɗaga babban yatsa, alamar wutarsa ba ta da matsala. Babayo ya leƙo ya yi ƙoƙarin yi masa bayanin wutar gida da guntun Sinancinsa da hannu: ya nuna ƙasa, ya nuna sama, ya yi "fuu!" da baki. Chen ya tambaya, sau nawa a shekara? Babayo ya ce a rana dai. Chen ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi, a zatonsa barkwanci ne.

Da aka gama, Babayo ya saita akwatin: in wuta ta haura ɗari biyu da hamsin ya yanke, in ta faɗi ƙasa da ɗari da tamanin ya yanke, kuma in ta daidaita kada ya buɗe sai ya jira minti uku ya ga ko da gaske take. Aka jona. Lamba ta nuna ɗari biyu da ashirin ta tsaya ƙyam. Bayan ɗan jiran, wanda Goggo ba ta ma lura da shi ba don tana ta zuba wa 'yan guruf bayani, sai firiji ya ɗauka, sanyi ya fara sauka.

"Alhamdu lillahi," in ji Babayo, yana share gumi.

"Alhamdu lillahin me?" in ji Goggo. "Wannan ai wutar China ce, mai ladabi, 'yar gidan mutunci. Ko ba akwatinka haka za ta yi. Ni a kawo min irin tamu in gani."

Gaskiyarta, kuma Babayo ya sani. Ya juya wajen Chen.

"Lawban," haka ake ce wa maigida a can, "kana da wuta marar kyau?"

"Meyo," in ji Chen. Babu.

Ka ji fa, gari guda mai mutum miliyan ban san adadi ba, a rasa wuta marar tarbiyya ko ta magani! Sai Saddique ya tuna da wani janareto da ke sitonsa, wanda wani kwastoma ya dawo da shi tun daga Kumasi bayan ya cinye masa injin niƙa. Abin da ke daidaita masa wuta ya mutu, sai yadda ya ga dama yake bayarwa.

"Wallahi Hajiya, wannan janareto ba shi da kunya ko kaɗan," in ji shi. "In na kawo shi za ki ji kamar kina gida."

Bayan azahar aka kawo shi a bayan keke mai ƙafa uku. Babayo ya zare motar daga bango ya jona ta da janareton. Ya kuma ɗaura wani ƙwan fitila kai tsaye a jikin janareton, ba ta cikin akwatin ba, don a ga bambanci. Chen ya ja da baya ya tsaya kusa da tukunyar kashe wuta. Saddique ya ba Chen wayar da yake ɗaukar bidiyo da ita ya riƙe, ya ja igiya sau huɗu, sannan ya karɓi abarsa ya ci gaba da ɗauka.

Da farko janareton ya yi kamar mutumin kirki, har akwatin ya yarda da shi ya buɗe masa ƙofa. Firiji yana aiki, sanyi yana sauka. Can sai muryarsa ta canza. Lamba ta sauka ɗari da casa'in, ta hau ɗari biyu da talatin, ƙwan fitilar ya yi ja, ya yi fari, ya yi wani hasken da ido ba ya iya kallo.

"Yauwa!" in ji Goggo, har da tafi. "Ita ce! Wallahi ita ce, ko a mafarki na gan ta zan gane ta."

Lamba ta yi tsalle ta kai ɗari biyu da tamanin da bakwai. Akwatin ya ce ƙas. A daidai lokacin ƙwan da ke waje ya fashe, tas! Cikin mota ya yi tsit, firiji ya yi shiru, sanyi ya ɗauke.

Babayo ya ji wani daɗi ya taso masa tun daga ciki. Ya buɗe baki zai yi magana, Goggo ta riga shi.

"Inna lillahi! Ya kashe min mota! Saddique, ɗauki, ɗauki da kyau! Jama'a kun gani ko? Tartsatsi ya maimaita!"

"Goggo, ba mutuwa ta yi ba. Yankewa ya yi. Dubi ƙwan can, da haka firijinki zai zama."

"To in ba ta mutu ba, ta tashi mana."

Ya kashe janareton, ya mayar da wayar bangon Chen. Lamba ta dawo ɗari biyu da ashirin, wata 'yar fitila ta fara ƙiftawa, akwatin ya shiga ƙirga minti ukunsa.

"Ga wuta ta dawo," in ji Goggo. "Me ya hana firiji tashi?"

"Jira yake, Goggo. Minti uku."

"Jiran wa? Wuta ta zo har ƙofar gida a ce mata ta tsaya a zaure? Kai ka san ko minti ukun ne kaɗai rabonmu a ranar?"

Wanda bai zauna a Kano ba ba zai gane zafin wannan magana ba. Ga motar ta fara ɗumi, gumi yana bin wuyan Goggo. Minti ɗaya ya wuce. Ta sauko daga gadon da ƙyar, ta durƙusa, ta tsinci guntuwar waya mai kauri cikin waɗanda Babayo ya yanke, ta feƙe bakinta da haƙori, ta lanƙwasa ta biyu ta murɗe. Babayo ya tsaya yana kallon hannunta. Wannan murɗin ba na ɗan koyo ba ne.

"Matsa in yi mata darek," in ji ta. "A tsallake akwatin kawai."

"Goggo, ba za a yi ba."

Tunda yake bai taɓa ce mata a'a ba. Ya zauna daɓas a gaban allon ya tare da bayansa.

"Ni kake gaya wa ba za a yi ba? Yaro man kaza! Tun kana tsumma nake wannan aikin. Ko ranar da fis ɗinka na banza ya tsinke a Kurna, ina da ƙanƙarar buɗa-baki cike da firiji, wa ya tsaya jiranka? Waya na samu irin wannan na cusa a wurin, wuta ta dawo nan take, ko minti ɗaya ba a..."

Ta tsaya. Wayar tana hannunta, bakinta a buɗe.

Chen bai ji ko kalma ɗaya ba, amma ya dubi fuskokinsu ya ajiye kwalbar shayinsa a hankali.

"Ashe ya tsinke," in ji Babayo. Muryarsa ta yi ƙasa sosai. "Goggo, ashe fis ɗin ya tsinke."

"To... ai ni ban ɗauka wannan ne ya..." Ta dubi wayar hannunta, ta dubi fasasshen ƙwan da ke ƙasa a waje. Goggo Rekiya ba ta yi boko mai nisa ba, amma ba a taɓa yi mata lissafi sau biyu ba.

Akwatin ya ce ƙas. Firiji ya ɗauka da ɗan kukansa, fitilu suka kama, sanyi ya sauko musu a ka. Babu wanda ya yi murna. Babayo ya sunkuyar da kai yana tattara guntayen waya ɗaya bayan ɗaya, don kada a ga idonsa. Shekara tara! Ya so ya yi fushi, ya nemi fushin ya rasa, sai wata gajiya da ta sauko masa.

Saddique ya yi gyaran murya. Har yanzu wayar tana sama a hannunsa.

"Hajiya, duk ya shiga fa. In goge?"

Goggo ta koma bakin gado ta zauna. Ta daɗe tana kallon ƙeyar ɗan yayanta, inda furfura biyu-uku suka fara fitowa, shi da ya bar gida ko gemu bai haɗa ba.

"Tura," in ji ta. "Kada ka yanke komai. Har inda na ce kura."

Saddique ya danna. Kafin a ce kwabo wayar ta fara ƙara ba ƙaƙƙautawa, saƙo a kan saƙo, Kurna da Fagge da Dakata duk sun tashi. Goggo ta karɓa ta kife ta a kan katifa. Ta buɗe firijin ta ɗauko gorar ruwa wadda ba ta gama sanyi ba, ta miƙa.

"Babayo, ungo ka sha."

Yana durƙushe yana mayar da sukundireba cikin jaka, bai ɗago ba.

"Babayo."

Sai ya waiwaya wajen ƙofa, ya duba ko wani ne ya shigo yake kiransa.