Rumbun Kawu Ya Cika da Fuskata

Ɗakin bayan shagon Kawu ba shi da taga. Da can a nan yake wanke hotuna, shi ya sa ya toshe ta da bulo. Har yanzu bangon na warin sinadari. A nan aka ajiye mini tebur da kwamfuta da na'urar sikanin, tun da na gama sakandare Umma ta ce in je in taya ƙaninta aiki kafin wani abu ya samu.

Abin ya samu. Dogo, abokina tun aji ɗaya, ya nemo mini gurbi a kamfanin da yake aiki, masu gina shafukan intanet. Sun ce in zo Litinin. In ban zo ba, akwai wani a layi.

Kawu bai hana ni ba. Sharaɗi ya kafa a gaban Umma: in gama ɗora tsofaffin hotunansa a shafin shagon, sannan in kama gabana. Umma ta dube ni ta ce, "Ai ka ji." 

Aikin gida biyu ne. Akwai shafin gaba, wanda na rubuta da hannuna, inda ake zaɓar hoto a danna maɓalli. Akwai rumbu a can baya, manhajar da ke karɓar hotuna ta jera su. Shafin ya miƙa, rumbun ya karɓa ya ce ya karɓa. Iyakar abin ke nan.

Ranar Asabar da hantsi na gama sikanin kwalayen da ke kan kanta. Na zaɓi hoton farko, wani mutum tsaye riƙe da kekensa. Na danna. Layin da ke nuna tafiyar hoton ya taho, ya cije. Jan rubutu ya fito: babu wuri.

Babu wuri a rumbun da ban zuba komai ba?

Na buɗe shi. Fuskata ce. Na ja ƙasa, fuskata. Na ƙara ja, ni ɗin ne dai, da rigar makaranta, ido a zare kamar wanda aka kama. Sahu bayan sahu, ba iyaka.

Sai na gane. Lokacin da nake gwaji, da hoton fasfo ɗina na riƙa gwadawa. Shafin ya yi ta cewa bai tafi ba, sai na sa masa ya dinga sake turawa da kansa har ya ji amsa. Ashe hoton na isa. Amsar ce ba ta dawowa. Na gyara wannan daga baya, amma kafin nan kwamfutar ta kwana ta wuni tana tura ni.

Na kai linzamin kwamfuta kan maɓallin gogewa. A dushe yake. Tun ranar da na kafa rumbun Kawu ya tsaya a kaina ya ce, "Ka yi wa kanka makullin zubawa kawai. Na ɗiba nawa ne." Na yi yadda ya ce. Na kira kamfanin da ke riƙe mana rumbun don su ƙara wuri. Murya ta ce ba su buɗewa sai Litinin.

Na fito gaba. Kawu na ɗaukar wani direba hoton lasisi.

"Ɗaga haɓa, Direba. Ba kotu aka kawo ka ba." Fitila ta haska. Ya juyo. "Injiniya, an gama?"

"Kalmar sirrinka nake so, Kawu. Zan goge wasu hotuna."

Ya sauke kyamarar a hankali.

Kowa a layinmu ya san halinsa. Kawu bai taɓa jefar da fuskar mutum ba. Wanda ya fito dishi-dishi, wanda mai shi ya ƙifta ido, wanda ba a dawo an karɓa ba, duk yana ajiye da su. Ya ce wanda ya zauna a gabansa amana ya ba shi.

Ya biyo ni ɗakin baya, ya sa tabarau, ya sunkuya.

"Kai! Wannan ai ni na ɗauka. Dubi haske. Dubi kunne."

"Duk iri ɗaya ne, Kawu. Kuskure ne."

"Kuskuren wa?"

"Nawa."

"To ni ban yi kuskure a hoton nan ba."

"Su suka cika wurin. In ba a goge ba, naka ba za su shiga ba."

"In goge ɗan Yayata? Da hannuna? Me zan ce mata?"

Direban ya leƙo ta labule. "Maigida, in yaron ya yi yawa a ba ni ɗaya, ina neman kwandasta."

Kawu ya yi dariya har da tari. Ni ban yi ba.

Na fita ƙofar shago na kira Umma. Na yi mata bayani iya yadda zan iya. Ta saurara, ina jin ƙarar keken ɗinkinta bai tsaya ba.

"Ni ban san rumbu ba," ta ce. "Kada dai ka ɗaga wa ƙanina murya."

Na koma. Ɗakin ya ƙara zafi. Fanka na juya iska ɗaya. Kawu ya ja kujera ya zauna kusa da ni, gwiwarsa na taɓa tawa. Ya daɗe yana kallon allon. Sannan ya kare madannai da tafin hagu, ya danna kalmarsa da yatsa guda.

"Ni hannuna ba zai yi ba," ya ce. "Fuskarka ce. Kai ka san abin da za ka yi da ita."

Na kai linzami kan inda ake zaɓar duka a lokaci guda. Ya riƙe mini wuyan hannu.

"A'a. Ɗaya bayan ɗaya."

"Kawu, yawansu..."

"In akwai fuskar wani a tsakani fa? Sai na gani da idona."

Haka muka yi. In buɗe, ya duba, ya ce "kai ne", in danna. Rumbun ya tambaye ni ko na tabbata. In ce na tabbata. In buɗe na gaba. Kwastoma ya shigo, Kawu ya tashi, ya ce kada in taɓa komai sai ya dawo. In zauna, ni da ni muna kallon juna.

Saƙon Dogo ya shigo: Oga na tambaya, kana nan zuwa? Na rubuta masa: ina kai.

Wuyana ya sage. Yatsana ya mutu. Can na daina ganin fuska, sai kunne biyu da kwalar riga. Kawu kuwa bai gaji ba. Kowane ɗaya sai ya matso ya duba, wani lokaci har ya ce, "Nan ka fi kama da babanka."

La'asar ta wuce kafin a kai na ƙarshe. Ya ce wannan a bar shi. Na bar shi.

Na sake zaɓar mai keke. Na danna. Layin ya tafi har ƙarshe, ya koma kore. Na zaɓi sauran gaba ɗaya. Suka fara shiga, mata da jarirai, 'yan ƙwallo, ɗalibai a jere, wani tsoho da rediyonsa. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba.

"Kafin a rufe shago sun gama, Kawu."

"Madalla, Injiniya. Allah ya yi albarka." Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. "Saura na sito."

"Wane sito?"

Ya ɗage labulen da ke bayan kanta. Ashe ƙofa ce. Ya tura ta da kafaɗa, ya kunna fitila. Akwatunan ƙarfe ne, wani kan wani, har kusa da rufi.

"Kawu, tsofaffin hotuna ka ce."

"To waɗannan sababbi ne?"

Ya ciccibo na sama, ya dire a kan teburina. Murfin ya yi ƙara. Hotunan sun manne da juna, sai an bi da wuƙa a hankali.

Wayata ta yi ƙara. Dogo ne.

"Ɗauka mana," in ji Kawu.

Na ɗauka. Dogo ya ce Oga na tsaye a gabansa, amsa ɗaya yake so, Litinin ko a'a. Na dubi akwatin. Na dubi ƙofar sito.

"Ku ba wancan na layi gurbin," na ce.

Kawu ya miƙo mini wuƙar.