Ranar da Aka Gyara Gwaggo

Tun da hantsi mai wayarin ya kwanta rigingine a ƙasan sitiyari, kansa cikin wayoyi, ƙafafunsa na lilo a waje. Tsohon direban kuwa yana zaune kan wata taya a bakin garejin, ya zuba wa motar ido irin kallon da ake yi wa ƙofar ɗakin tiyata.

Gwaggo ake ce mata a kamfanin. Babbar mota ce mai ɗaukar siminti, kuma ta sami sunan ne don mutum ɗaya tak take saurara. In kana so siginar hagu ta kama, sai ka fara kunna waifa. Gilashin direba ba ya sauka sai fitilar gaba na kunne. In ka buɗe ƙofa injin na aiki, oda za ta yi ta kururuwa har sai ka rufe. In ka tafi gida ba ka cire kan batir ba, da safe ka tarar da gawa. Direbobi da dama sun gwada ta, kowa ya maido da makulli yana tsaki. Shi kaɗai ya zauna da ita, ya koyi halinta a hankali, yadda ake koyon halin wanda aka riga aka ba zuciya, har hannunsa ya daina shawara da kansa.

Shi ya sa da kamfanin ya shiga sallamar sa'o'insa yana ɗaukar matasa, ba a taɓa shi ba. Ya san dalilin, kowa ma ya sani. Rigimar Gwaggo ce ke riƙe da abincinsa.

"Ga muguwar nan!" in ji mai wayarin. Ya jawo jikinsa waje da ƙyar, riƙe da wani baƙin akwati da bai wuce tafin hannu biyu ba. "Ka ga ƙaramar ƙwaƙwalwarta. Ba ta injin ba, wannan ita ke ba fitilu da gilas da oda umarni. Ruwa ke ɗiga ta gefen gilashin gaba yana shigar mata. Dubi haƙoranta, duk sun yi kore, kamar naka."

"Nawa dai suna nan cif. Kai da ka bar naka biyu a bakin filaya?"

Mai wayarin ya yi dariya, sannan ya rage murya. Tare suka tsufa a wannan harkar.

"Ni abin da ya ɗaure min kai, mutumina, tun yaushe nake cewa a canza abin nan, kana cewa lafiyarta ƙalau? Sai kuma na ji wai kai da ƙafarka ka je ofis ka kai ƙararta."

Tsohon ya tuna abin da ya kai shi. Makon jiya ne, a wata gangara kusa da mararraba, ya taka birki. Sai ya ji ƙarar taya a bayansa, doguwa, irin wadda ke tsinka hanji. Da ya sauko ya tarar da wata ƙaramar mota, hancinta ya kusa shigewa ƙarƙashin Gwaggo. Matar da ke tuƙi ba ta zage shi ba, ai da zagin ya fi sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Baba, fitilar birkinka ba ta kamawa." A kujerar baya yara ne cikin kayan makaranta, ƙaramar cikinsu ta ɗaga masa hannu tana murmushi, ba ta san komai ba. Ya duba ƙwan fitila, lafiya. Ya duba fis, lafiya. Wani lokaci ta kama, wani lokaci ta ƙi. Ya yi kwanaki yana neman dabarar da zai lallaɓa wannan ma, bai samu ba.

"Abin da ke gabana ina iya lallashi," ya ce. "Na bayana kuwa ba na gani."

Mai wayarin ya girgiza kai ya koma ciki. Ya goge bakin wayoyin, ya soka su cikin sabon akwatin, ya ɗaure shi. Ya toshe inda ruwan ke shiga. Sannan ya jona kwamfutarsa don sabuwar ƙwaƙwalwar ta san motar da ta shigo. Aikin bai ma ɗauki lokaci ba. Tsohon ya so a ce ya ɗauka.

"Taka birki!" in ji mai wayarin daga bayan motar. Tsohon ya hau ya taka, fitilar ta kama, ja zur. "Hagu!" Ta kama, ita kaɗai, ba waifa. Aka buɗe ƙofa, shiru. Shirun nan ya shiga ƙirjinsa kamar ya dawo gida ya tarar an canza masa iyali da wasu masu kama da su.

Rana ta take tsaka manaja ya iso, tare da Dogo, wani direba da ya daɗe yana jiran a ba shi mota tasa ta kansa. Manajan ɗan mai kamfanin ne, a gaban tsohon ya girma.

"Baba, mu ɗan zaga da ita mu ji," ya ce, ya hau gefe.

A kwanar farko, ta hagu, hannun tsohon ya riga shi. Waifa ta shiga gurzar busasshen gilas, ƙiiƙ, ƙiiƙ. Manajan ya tuntsire da dariya.

"Baba, ko ka hango mana hadari ne?"

Shi ma ya yi yaƙe. Zafi ya dame shi, ya so ya sauke gilas, sai ga shi ya kunna manyan fitilu a fuskar wani mai tasi, wanda ya leƙo ya aika masa da zagi. Ya kashe da sauri, garin haka ya manta da sigina ɗungurungum a kwana ta gaba. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Duk abin da ya taɓa, Gwaggo sai ta yi daidai abin da aka ce mata, shi kuma hannunsa bai san wannan yaren ba. Manajan ya daina dariya, ya koma latsa waya. Wannan ya fi dariyar ciwo.

Da suka dawo garejin, manajan ya jira har injin ya mutu.

"Baba, ka gaji. Mu ma mun san ka gaji." Bai yarda sun haɗa ido ba. "Akwai wuri a bakin get, duba motocin da ke fita. A zaune ne, cikin inuwa. Wallahi ba kora ba ce."

"Na sani, ɗana."

"Kwana biyu kawai ka ba ni hannuna ya saba," shi ne abin da ya zo masa baki. Amma ya san ko hannun ya saba, ba abin da zai yi da Dogo ba zai yi ba, kuma Dogo bai fara ciwon baya ba. Ya zare makullin ya miƙa.

"A bar ni in kwashe tarkacena."

Ba su da yawa. Tawul, ɗan matashin da yake tokare ƙugu da shi, kofin roba, tsofaffin silifas a ƙarƙashin kujera, da sifanar da yake kwance kan batir da ita kullum. Leda ɗaya ta ɗauke su duka. Ya tsaya yana mamakin hakan.

Mai wayarin ya matso yana goge hannu da tsumma.

"Da na sani da na bar mata waya ɗaya a karkace."

"Kada ka soma. Aikinka ya yi kyau."

"Shi ne ai abin haushin."

Dogo ya riga ya hau, ya ja kujerar baya don ƙafafunsa su samu wuri. Ya leƙo da ladabi, kamar mai jin nauyi.

"Baba, ta wajen unguwarku zan bi in yi lodi. In rage maka hanya?"

Ya so ya ce a'a, amma ƙafafunsa sun yi nauyi, tashar bas kuma da nisa. Ya zagaya ta ɗaya gefen. Matakalar nan baƙuwa ce a wurinsa, kujerar kuma tauri gare ta kamar sabuwa. Ya ɗora ledar a cinya.

Suka hau titi. Daga wannan gefen sai ya ga shaguna da bai taɓa lura da su ba, da wata bishiya da ta yi fure a bakin kwata. Ba da son ransa ba ya riƙa satar kallon hannun Dogo, yana jiran kuskure, ko da ƙarami ne. Dogo ya sa giya a kan lokaci, ya ba motar gabansa tazara, ya rage gudu tun kafin gangara.

"Yaya, Baba? Akwai gyara?"

Tsohon ya juya fuskarsa wajen taga.

"Babu," ya ce. "Ci gaba."