Ƙashin Bayan Tela

Likita ta ɗaga hoton zuwa hasken taga, ta nuna wa Tela ƙashin bayansa da bakin biro.

"Baba, ka ga 'yan fayafayan nan da ke tsakanin ƙashi da ƙashi? Su ke hana ƙasusuwan gogar juna. Na sama suna da ruwa a jikinsu. Biyun nan na ƙasa sun yi baƙi, sun bushe."

"To, a ba su ruwa mana, 'yata."

Ta yi murmushin yaƙe. "Ba su da jijiyar jini ta kansu. Abincinsu daga ƙashin da ke maƙwabtaka da su yake tsattsafowa, kamar raɓa. Shekaru sun ja, ga zaman keken ɗinki, sai ƙofofin suka toshe. Yunwa ce ta cinye su a hankali."

Tela ya ƙura wa hoton ido. Bai taɓa jin cewa mutum zai ƙoshi, wani sashe na jikinsa yana can yana mutuwa da yunwa ba.

"Magani zai rage zafi," in ji ta, "amma abin da ya bushe ya bushe. Ka riƙa ɗan tattaki. Sannan ka daina ɗaukar abu mai nauyi."

"Ko da mutum ne?"

Sai ta ajiye biron.

Tun da ɓarin jikin matarsa ya shanye, shi ne ƙafafunta. Shi ke ɗaga ta daga gado zuwa kujera, daga kujera zuwa banɗaki, ya dawo da ita. 'Yarsu tilo tana aure a nesa, da goyo da ciki. Maƙwabta sun yi nasu a farko, amma ciwon da ya daɗe, masu dubiya gajiya suke yi.

"Babu mai kama maka?" in ji likitar, bayan ya gaya mata.

"Akwai Allah."

Da ya koma gida ya tarar da matar tasa inda ya bar ta, ta zuba wa ƙofa ido.

"Maigida, me suka ce?" Harshenta da nauyi, amma shi ya saba.

"Wai tsufa ne."

"Da ni ka tambaya, ai da na gaya maka tun kafin ka sa takalmi."

Ya yi dariya, dariyar ta soke shi a ƙugu, ya haɗiye.

Haka aka ci gaba. A shagon da ke gaban gidan yakan ɗinka hannun riga ɗaya, ya miƙe ya dafa bango, zafi na bin cinyarsa har ɗan yatsa. Yaduka suka taru, masu su suka fara magana ciki-ciki.

Wata safiya ya sunkuya kamar kullum. Ta sarƙafo wuyansa da hannunta mai lafiya. Ya yi bisimilla ya ɗago. Suna tsakanin gado da kujera wani abu ya tsarga masa a baya kamar an soka allura mai zafi, ƙafar hagu ta ce ba da ita ba. Iyakar abin da ya iya shi ne ya juya, ya faɗi ta baya, ita ta faɗo a kan ƙirjinsa.

"Kin ji ciwo?"

"A'a. Kai fa?"

Ya yunƙura. Duhu ya gilma masa. Wayarsa tana can kan keken ɗinki, ƙofar gida kuma da sakata.

"Ba tsufa kaɗai suka ce ba, ko?" ta ce a hankali.

Ya kawar da fuskarsa gefe.

Rana ta ɗaga, haskenta ya rarrafo kan tabarma har ya taɓa ƙafafunsu. Can sai aka buga ƙofar shago.

"Tela! Ɗinkina fa?"

Ya ja numfashi zai yi kira, zafin ya datse muryar a maƙogwaro. Ita ta gwada, abin da ya fito bai wuce labule ba.

Aka sake bugawa, da ƙarfi. Sannan suka ji mutumin yana gaya wa wani: "Yana ciki fa, ya yi lamo. Halin teloli ke nan."

Takun ya yi nisa. Ta ja bakin mayafinta da hannun nan ɗaya, ta share masa gumin goshi.